Kufai Biyu a Bakin Teku: Tafiyar Yini Guda a Tsibirin Skye

 

Yau za mu yi nisa da gida, mu nufi arewa maso yammacin ƙasar Sikotlan, inda akwai wani tsibiri mai suna Skye, wanda ake furta sunansa kamar a ce "Sikai". A kudancin tsibirin akwai wata hanyar ƙafa da masu yawon buɗe ido ke bi a yini ɗaya. Su hau bas da safe, su sauka gaban wani tsohon coci, su taka kimanin kilomita 16 ta kan tudu da bakin teku, sannan su dawo titi su tari bas ta yamma. Waɗanda suka bi ta kusan duk abu ɗaya suke yabo, wato shirun wurin da rashin mutane. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, wannan shirun yana da shekarar da ya fara, yana da waɗanda suka ba da umarninsa, kuma akwai waɗanda suka rubuta yadda abin ya faru. Za mu bi hanyar zango-zango, mu ga abin da kowane zango zai faɗa wa mai son rubuta tarihi.

A CIKIN BAS

Skye yana da faɗin murabba'in kilomita 1,656. Wanda ya taso daga birnin Gilasgo a babbar bas zai shafe wajen awa shida a hanya kafin ya iso garin Broadford, ɗaya daga cikin manyan garuruwan tsibirin. A da sai an shiga jirgin fito kafin a tsallaka ruwan da ya raba tsibirin da babban yankin ƙasar. A 1995 aka buɗe gada, aka kuma sa kuɗin wucewa mai tsada. Mutanen tsibirin suka yi ta zanga-zanga, wasu suka ƙi biya aka gurfanar da su a kotu, har aka soke kuɗin a watan Disamba na 2004. Mu riƙe wannan a zuciya, domin za mu ga inda suka gaji wannan taurin kai.

Daga Broadford sai a sauya zuwa ƙaramar bas mai zuwa ƙauyen Elgol. Titin siriri ne, mota ɗaya yake ɗauka, an yi masa wuraren raɓewa nan da can domin in motoci biyu sun yi kiciɓis ɗaya ta kauce. Shekarun baya motar gidan waya ce ke ɗaukar fasinja a wannan hanya tare da wasiƙu. Har yau bas ɗin ba ta wuce sawu kaɗan a yini, wanda ya kuskure ta ƙarshe sai ya taka da ƙafa zuwa gari.

Me ya sa bas ta yi ƙaranci haka? Saboda fasinjan ne babu. A ƙidayar 1841 mutanen Skye sun kai 23,082. Zuwa 1971 sun ragu zuwa ɗan sama da 7,000. A 2011 aka ƙirga 10,008. Wato tsibirin da yau ke da gada da lantarki da intanet bai kai rabin yawan mutanen da yake da su ba a zamanin da ake tafiya da ƙafa da kwale-kwale. Ruwa ba ya tsami banza.

ZANGON FARKO: TSOHON COCI

'Yan kilomita kaɗan daga Broadford bas za ta sauke mai tafiya a Kilchrist, sunan da ke nufin cocin Almasihu a harshen Galik, harshen asali na mutanen wannan yanki. Cocin ba shi da rufi, ganye ya lulluɓe bangonsa, kaburbura sun kewaye shi. An daina ibada a cikinsa a 1840 lokacin da aka gina sabo a Broadford. Wannan kwari, da ake kira Strath, ƙasar dangin Mackinnon ce tun da daɗewa, kafin mafi yawanta ta koma hannun gidan Macdonald a ƙarni na 18.

A nan ya kamata mu fahimci yadda zaman mutanen yake. Yankin tsaunukan Sikotlan da tsibiransa ya rabu dangi-dangi, kowane dangi da shugabansa. Darajar shugaba tana ga yawan mazan da zai iya fitarwa ranar yaƙi, don haka yana son mutane a ƙasarsa. Talakawa kuma suna da wata fahimta da suke kira duthchas a harshensu: iyalin da suka daɗe suna noma wuri, kaka da kakanni, suna da haƙƙin ci gaba da zama a wurin muddin suna biyan abin da ke kansu. Ba a rubuta wannan a takarda ba. Dokar ƙasa kuwa ta ce fili na wanda sunansa ke kan takardar mallaka ne, kuma yana iya tayar da ɗan haya idan wa'adin shekara ya cika.

Muddin shugaba yana bukatar mayaƙa, saɓanin da ke tsakanin al'ada da doka bai fito fili ba. A 1746 sojojin gwamnatin Birtaniya suka murƙushe tawayen da wasu dangogi suka mara wa baya a yaƙin Culloden. Bayan haka aka yi dokar da ta ƙwace ikon shari'a daga hannun shugabannin dangi, aka hana riƙe makamai. 'Ya'yan shugabannin suka yi karatu a kudu, suka saba da rayuwar Edinbara da Landan, rayuwar da ke cin kuɗi. A hankali uban dangi ya zama mai gidan haya, ƙasa kuma ta zama abin da ake auna ta da kuɗin da take kawowa a shekara.

Daga cocin, hanya tana bin tsohon layin dogo da aka shimfiɗa a farkon ƙarni na 20 domin kwasar wani farin dutse mai sheƙi da ake haƙa a nan zuwa bakin ruwa a Broadford. Aikin bai yi shekaru da yawa ba ya durƙushe. Sai hanya ta haura tudu, ta ratsa fili mai danshi wanda babu itace ko ɗaya, babu abin da ke motsi sai tumaki.

A KAN TUDU: TOKA DA DANKALI

Yayin da ake wannan hawan, bari mu cike shekarun da ke tsakanin 1746 da 1853.

A 1773 wasu marubuta biyu, Samuel Johnson da James Boswell, suka ziyarci Skye. Boswell ya rubuta cewa ya ga ana wata rawa da aka sa wa suna Amurka, wadda ake farawa da mutum kaɗan, a yi ta jawo wasu har kowa ya shiga, domin nuna yadda ƙaura ke yaɗuwa daga gida zuwa gida. Tun a lokacin ƙarin kuɗin haya ya sa masu ɗan hali suna sayar da shanunsu suna tafiya.

Abin mamaki, masu ƙasa a lokacin ba sa son mutane su tafi. Dalili kuwa wata ciyawar teku ce da ake yanka a bakin ruwa, a shanya, a ƙona. Tokarta ake kai wa masana'antun sabulu da gilashi, kamar yadda matanmu ke amfani da ruwan toka wajen haɗa sabulu. A lokacin yaƙe-yaƙen Birtaniya da Faransa ta Napoleon, kayan waje sun yi wuyar samu, farashin tokar ya kai wajen fam 20 kowane tan. Aikin yana bukatar hannaye da yawa. Sai masu ƙasa suka yanka filaye ƙanana-ƙanana a bakin teku suka raba wa iyalai, da gangan aka yi su ƙanana yadda gona kaɗai ba za ta ciyar da gida ba, dole mutum ya shiga aikin toka kafin ya biya haya. A 1803 majalisar Birtaniya ta yi dokar jiragen fasinja wadda ta tsauwala kuɗin tafiya Amurka. A baki an ce don lafiyar matafiya aka yi ta, amma masu ƙasa ne suka matsa a yi, domin kada ma'aikatansu su tsere.

Yaƙi ya ƙare a 1815. Cikin shekarun 1820 aka rage harajin kayan waje, farashin toka ya faɗi warwas. Mutanen da aka hana tafiya jiya suka zama kaya a wuyan mai ƙasa yau. Abin da ya riƙe su a 'yan filayen nan shi ne dankalin turawa, wanda ke ba da abinci mai yawa a ƙaramin wuri. A 1846 cutar da ta halaka dankali a Ayalan ta iso nan, ta kuma yi ta dawowa shekara bayan shekara. An kafa kwamitocin agaji, amma daga baya suka sa sharaɗin cewa sai namiji ya yi aikin yini guda, galibi aikin hanya, kafin a auna masa garin da bai kai rabin kilo ba.

A gefe guda kuma masana'antun saƙa na kudu suna neman ulu, birane suna neman nama. Attajiri ɗaya mai garken tumaki zai biya hayar kwari sukutum a kan lokaci, ba tare da kuka ko bashi ba. Gidan Macdonald, wanda ya gina katafaren gida a Armadale, bashin da ke kansa ya haura fam 200,000, har aka damƙa gudanar da ƙasarsa a hannun amintattu masu kare haƙƙin masu bin bashi. Su waɗannan ba su san kowa da suna a Strath ba. Littafin lissafi suka sani.

ZANGO NA BIYU: BORERAIG

Da an gangaro daga tudun sai ido ya faɗa kan wani fili kore shar a bakin wata mashigar teku da ake kira Loch Eishort. Wannan shi ne Boreraig. Ƙasar wurin tana da kyau, akwai rafi, akwai kifi a gaba, akwai makiyaya a baya. Sunan ma ya girmi zamanin Macdonald, domin daga harshen mutanen Nowe ya samo asali, waɗanda suka mallaki tsibiran nan har zuwa 1266. Abin da ya rage yau bangayen dutse ne da ba su wuce ƙugu ko kafaɗa ba, gida-gida, ana iya gane inda ƙofa take. Akwai wani dogon dutse a tsaye a tsakiya wanda ya girmi dukkan gidajen. Da Hausa muna da kalma ɗaya da ta wadatar: kufai.

Ƙidayar 1851 ta nuna mutum kusan 120 a Boreraig, cikin gidaje 22. A watan Satumba na 1853 wakilin mai ƙasa ya iso da 'yan sanda da takardun tashi. Tsakanin Boreraig da maƙwabciyarta Suisnish, iyalai kusan 32 abin ya shafa. Lokacin kaka ne, maza da yawa sun tafi kudu cin rani, suna aikin girbi domin samo kuɗin haya. Mata da yara da tsofaffi aka tarar. Aka fitar da kayansu waje, aka garƙame ƙofofi. Wasu maza uku da suka yi turjiya aka kai su kotu a birnin Inverness, masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke su. Wankewar ba ta dawo da gida ko ɗaya ba. Waɗanda suka lallaɓa suka koma ɗakunansu, an sake fitar da su a tsakiyar hunturu.

Ina suka nufa? Wasu sun matsu a wasu ƙauyukan tsibirin da dama can sun cika. Wasu sun tafi biranen kudu. Wasu kuma sun shiga jirgi. A shekarun nan akwai wata ƙungiya da aka kafa a 1852 domin taimaka wa mutanen tsaunuka da tsibirai su yi ƙaura zuwa Ostireliya, wadda kafin ta rufe a 1857 ta kwashe kusan mutum 5,000, da yawansu daga Skye. Ɗaya daga cikin jiragenta, mai suna Hercules, ya tashi a ƙarshen 1852, cutar agana ta ɓarke a cikinsa, mutane da dama suka mutu kafin a isa, aka raba iyalai a hanya. Wanda aka ce ya zaɓa tsakanin jirgi da kwana a waje ya san wannan labari.

ZANGO NA UKU: SUISNISH DA ALƘALUMA UKU

Daga Boreraig hanya tana bin bakin teku sosai, ƙarƙashin duwatsu masu tsayi da ruwa ke zubowa daga kansu. Wani wurin sai an taka duwatsun gaɓa, wani wurin kuma a haura wata siririyar hanya. Wannan ce hanyar da ta haɗa ƙauyukan biyu, wadda mutane suka bi zuwa biki da jana'iza. Bayan kamar awa guda sai a fito Suisnish, a kan wani tsinin ƙasa da ya shiga teku, inda ake hango tsaunin Blaven a tsallaken ruwa. Nan ma bangaye ne da tumaki.

Mutum uku suka bar mana rubutu a kan abin da ya faru a nan, kuma a wurinmu marubuta, bambancin da ke tsakaninsu shi ne babban darasin wannan tafiya.

Na farko wakilin mai ƙasa ne. Da surutu ya yi yawa a jaridu, sai ya fitar da bayani cewa ubangidansa tausayi da tsoron Allah ne suka sa shi tayar da mutanen, domin sun yi nisa da coci. Nisan gaskiya ne, mai tafiya ya gama auna shi da ƙafarsa. Amma coci bai ƙara nisa a 1853 ba fiye da yadda yake a shekarun baya, kuma tumaki ne suka gaji wurin. Ga misalin yadda ake ɗaukar gaskiya ƙarama a rufe babba da ita. Duk wanda zai yi aiki da takardun hukuma zai haɗu da irin wannan.

Na biyu Archibald Geikie ne, wanda daga baya ya zama babban masanin duwatsu. Yana saurayi yana zaune a gidan limamin cocin yankin a Kilbride, yana nazarin duwatsun Strath. Wata rana yana dawowa daga yawonsa sai ya ji kuka daga nesa, ya hangi dogon ayari yana tahowa ta hanyar Suisnish: tsofaffin da ba sa iya tafiya a cikin amalanke, matasa ɗauke da ƙunshin kaya, yara a gefe. Suka tsaya suka yi sallama da limamin da iyalinsa, sannan suka wuce, kukan yana amsa kuwwa a kwarin har suka ɓace. Ya buga wannan a littafin tunawa da rayuwarsa a 1904, wato bayan shekara hamsin. Shi ne bayanin da aka fi maimaitawa, domin ya iya rubutu. Sai dai ayari ya gani, daga tudu, kuma da ya rubuta shi babu sauran abin da rubutun zai hana.

Na uku Donald Ross ne, wani lauya daga Gilasgo. Shi ya je wurin a lokacin da abin ke da zafi, ya shiga inda mutanen suka fake, ya ɗauki sunaye da shekaru, ya aika wa jaridu. Daga gare shi muka san labarin Flora Matheson, wata tsohuwa mai shekara 96 a Suisnish, wadda aka fitar daga ɗaki ɗanta yana can kudu wurin aiki, ta ƙare da jikokinta a garken tumaki. Masana tarihi sun lura cewa Ross mai fafutuka ne, yakan ƙara gishiri domin ya motsa zukata, don haka suna auna maganarsa da wasu takardu. Duk da haka, suna da shekaru da wuri abubuwa ne da za a iya bincika a tabbatar ko a ƙaryata. Kukan ayari kuwa sai dai a ji tausayi a wuce.

Babu ko ɗaya cikin ukun nan da yake ɗan Boreraig ko Suisnish. Su mutanen Galik suke ji, yawancinsu ba su iya rubutu ba, kuma babu wanda ya tambaye su.

HANYAR DAWOWA: RANAR DA AKA TAMBAYE SU

Daga Suisnish akwai tsohuwar hanyar mota da ta lalace, tana bin gefen ruwa zuwa Kilbride, daga nan a hau kwalta a koma wajen tsohon coci a jira bas. Ita ce dai hanyar da ayarin Geikie ya bi. Wanda ya koma Broadford da wuri yana iya shiga wata bas ya nufi arewa zuwa Portree, babban garin tsibirin. Dab da shiga garin akwai wata 'yar hanya da ta ratse zuwa wasu ƙauyuka da ake kira Braes. A can ne labarin ya juya.

Mutanen Braes suna da wani tudu, Ben Lee, da suke kiwo a kai, aka ƙwace shi aka ba mai tumaki. A 1881 suka nemi a dawo musu da shi, suka ce za su biya haya, aka ƙi. Sai suka daina biyan haya gaba ɗaya, dabarar da suka ji manoman Ayalan suna yi. Da aka aiko da takardun tashi suka sa aka ƙona su. A watan Afrilu na 1882 babban alƙalin yankin, William Ivory, ya zo da 'yan sanda kusan 50 daga Gilasgo da asuba, suka kama mutum biyar. A hanyar fita jama'a suka tare su da duwatsu da sanduna, mata a gaba, aka ji wa mutane rauni a ɓangarorin biyu. Wannan karon akwai 'yan jarida a wurin, akwai wayar tangaraho, labarin ya isa Landan cikin kwanaki. Tarzoma ta bazu zuwa Glendale a yammacin tsibirin, inda aka ɗaure John MacPherson da wasu abokansa a 1883. A 1884 har sojojin ruwa gwamnati ta turo Skye.

Gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Napier. Zamansa na farko a Braes aka yi shi, a watan Mayu na 1883. Mai ba da shaida na farko, wani manomi mai suna Angus Stewart, kafin ya faɗi komai sai da ya nemi a ba shi tabbacin cewa ba za a tashe shi daga gonarsa ba saboda abin da zai faɗa. Wannan bukata kaɗai ta bayyana halin da ake ciki fiye da dogon jawabi. Kwamitin ya zagaya tsaunuka da tsibirai, ya saurari mutum 775, aka buga tambayoyi da amsoshi a manyan kundaye. Tsofaffin da suka ga tashin ƙauyuka da idonsu suka lissafa sunayen wuraren ɗaya bayan ɗaya. Da yawa da Galik suka yi magana, tafinta ya juya, aka rubuta da Ingilishi.

A 1886 majalisa ta yi dokar ƙananan manoma 'yan haya. Ta hana tayar da manomi muddin yana biyan haya, ta kafa hukumar da ke yanke haya ta adalci, ta ba shi damar barin gonar ga magajinsa, da diyya kan gyaran da ya yi idan ya tashi. Wani yanki na abin da al'ada ta daɗe tana faɗa ya shiga takarda ke nan. Amma dokar ta kare waɗanda suka rage ne, ba ta mayar da filayen da aka riga aka ƙwace ba. Shi ya sa ƙauyukan Braes suna da mutane har yau, Boreraig kuwa kufai ne. Tsakaninsu shekara 30 ce kawai.

Adalci ya sa mu faɗi cewa masana ba su haɗu a kan fassara ɗaya ba. John Prebble, a littafinsa na 1963, ya ɗora laifin kacokan a kan cin amanar shugabanni. Wasu irin su Eric Richards da Tom Devine sun nuna cewa jama'a ta yi yawa a kan ƙasa mai wuyar noma, masu ƙasa da dama su ma sun karye, kuma mutane masu yawa da kansu suka zaɓi tafiya. James Hunter, a 1976, ya rubuta tarihin daga ɓangaren manoman. Duk wannan muhawara tana da amfani. Amma ba ta canza cewa a Boreraig an garƙame ƙofa masu gida suna tsaye a waje ba.

WAƘA A BAKIN MAI ITA

Akwai murya ɗaya daga cikin gida da ba ta bi ta bakin tafinta ba. Mary MacPherson, wadda mutanenta ke kira Mairi Mhor, an haife ta a Skye a 1821. Tana aikatau a Inverness aka zarge ta da sata aka ɗaure ta a 1872, zargin da ta musanta har ƙarshen rayuwarta. Baƙin cikin wannan ne ya buɗe mata bakin waƙa tana da shekara hamsin. Ta yi waƙoƙin kewar Skye, da na kufai, da na zuga manoma a lokacin gwagwarmayar fili. Ba da hannunta ta rubuta su ba. Ta rera, wani ya rubuta, aka buga su a 1891, shekara bakwai kafin rasuwarta. Da ba a sami mai zama ya rubuta ba, da yawancinsu sun bi ta kabari.

Harshen kansa ya sha wuya. Dokar ilimi ta 1872 ba ta yi masa tanadi ba a makarantu. A 1891 masu jin Galik a Sikotlan sun haura 250,000, a 2011 kuwa kimanin 57,000 ne. A 1973 aka kafa kwalejin Sabhal Mor Ostaig a kudancin Skye, inda ake koyarwa da Galik zalla, kuma a 2005 majalisar Sikotlan ta yi dokar raya harshen. Allunan hanya da mai shiga bas ke gani da harsuna biyu daga wannan yunƙuri suka fito. Wata dokar ta 2003 kuma ta ba kowa 'yancin ratsa fili da ƙafa, shi ya sa baƙo daga ko'ina yake iya shiga ɗakunan Boreraig ba mai hana shi.

ABIN DA YA SHAFE MU

'Yan uwa, da yawa daga cikinmu idan za mu siffanta wuri a labari ko maƙala, sai mu tsaya a kan kyau: tsauni, rafi, iska mai daɗi. Tafiyar nan ta nuna cewa wanda ya tsaya a nan zai iya rubuta shafi goma a kan Boreraig bai faɗi abin da ya fi muhimmanci ba. Idan muka ga fili mai kyau, ga ruwa, ga ƙasar noma, amma babu mutane, aikinmu ne mu tambayi dalili.

Kufai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Akwai garuruwan da aka tayar domin gina madatsar ruwa, akwai waɗanda fari ya watsa, akwai unguwannin da titi ya cinye, akwai kuma ƙauyukan da rashin tsaro ke mayarwa kufai a yanzu haka da muke wannan rubutu. Kowannensu zai sami mai fitar da sanarwa irin ta wakilin Macdonald. Wataƙila ya sami mai wucewa irin Geikie, wanda zai tuna da shi bayan shekara hamsin. Abin da ba shi da tabbas shi ne ko zai sami wanda zai zauna da mutanen, ya rubuta sunan ƙauyen da na rijiyarsa da na masu unguwanninsa, da shekarar da aka tashi, da inda kowane gida ya nufa, cikin harshen da suka faɗa.

A nan muna da abin da mutanen Boreraig ba su samu ba. Harshen da tsofaffinmu za su ba da labari da shi, da shi muke rubutu, babu tafinta a tsakani. Duk wanda zai gwada, ya nemi izinin mai magana, ya kuma tuna da tambayar Angus Stewart: akwai wanda faɗar gaskiya za ta iya jawo masa fitina, kare shi ya fi kyan labari muhimmanci. Ya rubuta kwanan wata da wurin da aka yi hirar. Ya ji daga bakin mutum fiye da ɗaya, ya kuma nemi bayanin ɗaya ɓangaren ko da bai gamsu da shi ba. Inda labarai suka saɓa, ya kawo su duka.

Wanda ya san wani kufai a yankinsu, ya fara da sunansa da abin da dattawa suka ce ya tashe shi. Shafi ɗaya ma ya isa mafari.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.